Filin Masu Kiwon Kifi: "Ruwan Garau Yake, Amma Kifayen Suna Mutuwa"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun karkata ne kan kifin teku, irin na ado da ake ajiyewa a tankin gilashi cikin falo. Ni Bakabe ne, a Argungu aka yanke mini cibiya, kuma tarwada ce sana'ata ta yau da gobe. Amma tun da wasu masu hali a Birnin Kebbi suka fara sayo waɗannan kifaye daga Legas, ni ake bugo wa waya idan ruwa ya ɓaci, don haka na ɗan san takansu. Masu tambaya kan tsadar abincin tarwada su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da babban tankin ruwan gishiri a falona, ya shekara lafiya lau. Kwanan baya na sayo sababbin kifaye huɗu daga Legas, biyu masu ruwan lemo da ratsin fari da ake ce wa kilawun, biyu kuma shuɗaye ƙanana. Mai sayarwa ya ce kada in haɗa su da tsofaffin, in killace su tukuna. Na sayi sabon tanki mai cin lita 60 da sabon mataci, na haɗa ruwa ranar da suka iso. Kwana uku suna ci suna wasa. A na huɗu suka fara haki suna taruwa a sama, a na shida biyu suka mutu. Ruwan kuwa garau yake. Uwargida ta ce baki ne, don baƙi sun yi ta yaba su. Ni kuma ina zargin da cutarsu aka sayar mini. Wanne ne? (Wani Alhaji daga Gesse, Birnin Kebbi)

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. A gaida Hajiya, a ce mata baƙin nan ba su da laifi. Mai sayarwar ma a wannan karon ban ga hannunsa ba. Shawarar da ya ba ka daidai ce, rabinta ne kawai ya bari a ciki. Sabon tanki da sabon mataci da sabon ruwa duk a rana guda, a nan gizo ke saƙar.

Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya dare da rana, mafi yawanta ta kunnuwan da yake numfashi da su, sauran kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan tanki. Ɗan abin da ya isa ya kashe kifi ba ya da wari, ba ya da launi, ba ya sa ruwa ya yi duhu. Shi ya sa hasken ruwa bai taɓa zama shaida a wajena ba. A babban tankinka akwai masu kwashe ta, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne a duwatsu da yashi da soson mataci. Wasu daga cikinsu suna mayar da amoniya naitirait, wasu su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har ka canja ruwa. To waɗannan ƙwayoyi ba sa zuwa a cikin kwalin sabon mataci. Mako huɗu zuwa shida suke ɗauka kafin su yi yawan da za su iya ɗaukar aikin. Kai kuwa ka zuba kifi huɗu a lita 60, kana ciyar da su saboda tausayin doguwar tafiya, babu mai kwashewa ko ɗaya. Kwana huɗu zuwa shida ɗin da ka lissafa, shi ne daidai lokacin da abin ke taruwa ya fara ƙona musu kunnuwa. Hakin da ka gani ke nan.

Na san za ka ce ai maƙwabcinka yana cika tankin roba da tarwada, ruwan ya yi kore har yana wari, ba ta mutuwa. Tarwada jaruma ce, tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, ba a haɗa ta da kifin da Allah ya halitta a tekun da ruwansa ba ya saurin canjawa. Sannan akwai maganar pH, wato ma'aunin tsamin ruwa: lambar tana hawa, tsamin yana raguwa. Amoniya a ruwa fuska biyu gare ta, ɗaya mai guba sosai, ɗaya mai sauƙi. Duk matakin pH guda da aka hau, mai gubar tana ƙaruwa kusan ninki goma, kuma zafi yana ƙara ta. Ruwan rijiyoyinmu yawanci yana wajen 7 ne, na teku kuwa 8.1 zuwa 8.3. Ka ga adadin da tarwada za ta kwana a ciki ta wayi gari tana neman abinci, shi ne zai kwantar da kilawun.

Abin da za ka yi yau, kafin ka kwanta: ka canja rabin ruwan da sabo wanda gishirinsa da zafinsa suka yi daidai da na cikin tankin. Idan ba ka da haɗaɗɗe a ajiye, ɗebo daga babban tankinka, tunda kifayen ciki lafiyarsu lau, ka mayar masa da sabo daga baya. Ka dakatar da abinci na kwana guda, yunwar yini ba ta kashe kifi. Ka sa tiyo ka zuƙe duk wani datti da ke ƙasa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a shimfiɗa yashi a tankin killacewa, ana barin ƙasansa gilashi zalla da 'yan guntayen bututun roba don kifi ya sami maɓoya. Sannan ka ciro ɗan soso daga matacin babban tankin ka sa a na ƙaramin. Da zarar ya shiga can, ya tafi ke nan, ba ya komawa gida.

Daga nan sai awo, kuma kullum, safe da yamma a mako biyun farko. Kayan awon amoniya 'yar kwalbar gwaji ce da ruwan magani da kati mai launuka. Ka ɗauraye kwalbar da ruwan tankin, ka cika ta daidai layin da aka yi mata, ka ɗiga maganin kana riƙe da robarsa a miƙe, kai ƙasa, don ɗigon ya fito daidai, ka rufe da murfinta, ba da yatsa ba. Ka jira iya mintunan da takardar ta ce, kada ka rage, kada ka manta da ita har ka dawo daga masallaci. Sai ka fita ƙofa inda hasken rana yake, ka kara ta da farin wurin katin. A yawancin irin da ake samu yanzu, ruwan ɗorawa na nufin babu, idan ya fara surkin kore to akwai. Ƙwan fitilar falo yana yaudarar ido, na sha ganin mutum biyu suna gardama kan kwalba ɗaya da daddare. Abin da ake so shi ne sifili. Idan ka ga 0.25, canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka rage abinci. Idan ya kai 0.5, rabi, nan take. Akwai kuma wani ɗan faifai na kamfanin Seachem mai suna Ammonia Alert, ana manna shi a cikin gilashi, yana sauya launi da kansa idan mai gubar ta taru. Yana da amfani ga wanda ke fita kasuwa tun safe, don ko yaro zai iya dubawa ya bugo maka waya. Amma ba ya maye gurbin kwalba.

Su kansu magungunan awon ba sa son zafinmu. Kada a bar su kan taga ko cikin mota, kuma a duba ranar lalacewarsu tun a wajen saye.

Nan gaba, wata guda kafin ka yi odar kifi, ka jefa soso ɗaya a matacin babban tankin ya zauna can yana tara ƙwayoyi. Kuma ka ajiye jarka biyu na haɗaɗɗen ruwa da ya kwana yana motsi. Wanda bai tanadi waɗannan biyun ba, ni a ganina bai shirya sayen kifi ba tukuna, ko nawa ne a aljihunsa.

TAMBAYA: Tun da hunturu ya shigo, ruwan tankin da na killace kifina yake raguwa kullum, sai in cika shi da ruwan gishirin da na haɗa na ajiye. Yanzu kifin ya rage ci, launinsa ya dushe, kullum yana cikin bututu. Na auna amoniya, babu. Sannan gishirin teku ya kusa ƙare mini, zan iya surka shi da na miya? (Wata Malama daga Samaru, Gusau)

AMSA: Malama, ke da kike tsayawa gaban tukunya kin fi ni sanin wannan. Miya idan ta tsotse a wuta, ruwa ne ya tafi, gishiri yana nan, kuma ba a gyara ta da ƙarin ruwan gishiri. Bari mu yi lissafi. Ruwan teku yana ɗauke da giram 35 na gishiri a kowace lita. A ce tankinki lita 60 ne, gishirin ciki ya zama giram 2,100. Idan iskar hunturu tana shanye lita guda kullum, ke kuma kina mayarwa da mai gishiri, kullum kina ƙara giram 35 ke nan. A kwana goma kin ƙara 350, ruwan ya haura giram 40 a lita. Kifin teku kullum cikin shan ruwa yake yana fitar da gishiri daga jikinsa don kada ya bushe. Kin ƙara masa aiki, ga gajiyar tafiya bai gama warwarewa ba.

Ki sami alƙalami ko guntun salatif ki yi layi a gilashin daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. Kowace safiya ki cika zuwa layin da ruwa marar gishiri. Mai gishiri sai ranar da kika ɗebe wani kika zubar. Wanda ya riga ya taru kuwa ki sauke shi a hankali cikin kwana biyu ko uku, kina ɗibar kaɗan kina mayarwa da marar gishiri.

Amma ba da ka ake wannan ba, sai da ma'auni. Wanda na fi yarda da shi shi ne rifiraktomita, ɗan ƙarfe ne mai tsawon tafin hannu, da gilashi a gaba da wurin leƙawa a baya. Ki ɗaga murfin, ki ɗiga ruwa biyu ko uku, ki rufe yadda kumfa ba zai maƙale ba, ki ɗan jira rabin minti, ki fuskanci haske ki leƙa. Za ki ga shuɗi a sama, fari a ƙasa, inda suka haɗu nan ne awonki. Cikakken ruwan teku yana nuna 35 a gefe ɗaya, 1.026 a ɗaya gefen. Tankin da kifi ne kawai a ciki yana zama lafiya daga 1.020 zuwa 1.025, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ya riƙa hawa da sauka. Ki riƙa gwada shi kansa ma'aunin da ruwan gwaji mai 35 da ake sayarwa tare da shi, ki goge gilashin bayan kowane awo, don ƙura da busasshen gishiri suna ƙara lamba. Na roba mai allura yana da arha, amma ɗan kumfa guda ya maƙale a allurar sai ya ba ki labarin ƙanzon kurege.

Gishirin miya kuma, a'a. Na teku kusan kashi 85 cikin ɗari ne kawai irin namu, sauran akwai maganiziyam da salfet da kalsiyam da fotasiyam da kuma abin da ke riƙe pH kada ya faɗi. Idan kika surka, kin tsinka waɗannan. Kada kuma wata ta ce ki jefa kanwa don gyara pH. Ki yi odar gishirin tun yanzu. Game da ruwan haɗi, na famfo yana iya zuwa da kilorin, na burtsatse kuma wani yana da ƙarfe ko ragowar takin zamani, musamman kusa da fadamun noma. Wasu masu gidan fiya wata suna da injin tacewa da ake kira RO. Ki tura yaro da jarka mai tsabta a tarar miki daga bakin injin.

TAMBAYA: Yallaɓai, ma'aunin zafin tankina yana kai 33 da la'asar. Idan aka ɗauke wuta da dare, da asuba sai in tarar da kifayen a saman ruwa suna buɗe baki. Amoniya babu, gishiri daidai. (Wani ɗan kasuwa daga Jega)

AMSA: Ɗan'uwa, iska ce ta ƙare musu. Littattafan da ake rubutawa a Amurka da Ingila yawancin maganarsu yadda za a ɗumama ruwa ce. Mu nan daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa, tamu matsalar akasin haka ce. Waɗannan kifaye suna son 24 zuwa 27. Ruwa yana ƙara zafi iskar da yake riƙewa tana raguwa, kuma dama ruwan gishiri yana riƙe ƙasa da na daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A lokaci guda zafin yana sa jikin kifi ya ƙara neman iska. Ga ƙaramin tanki, ga injin ya tsaya.

Sayi ƙaramin injin iska mai batir ko mai caji, irin wanda masu safarar 'ya'yan kifi ke amfani da shi. A tankin killacewa ni matacin soso nake sawa, wanda iska ke tafiyar da shi. Inji guda yana ba ka tacewa da iska gaba ɗaya, wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, ƙaramar sola ma ta riƙe shi har safe. Rufaffen mataci irin na gwangwani ba na son sa a garin da wuta ba ta da tabbas. Idan ya tsaya na sa'o'i, ƙwayoyin ciki suna shaƙewa su mutu, wuta na dawowa sai ya antayo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Duk daren da aka yi doguwar ɗaukewa, washegari a auna amoniya, ko da jiya sifili ce.

Don sanyayawa, buɗe murfin ka sa raga a maimakonsa, saboda wasu kifayen suna tsalle, ka kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. A busasshiyar iskarmu wannan kaɗai yana sauke digiri biyu ko uku, sai dai ruwa zai riƙa raguwa da sauri, ka karanta amsar da na ba Malama ta Gusau. Kashe fitilar tankin da rana. Ɗauke shi daga jikin bangon yamma. Idan abin ya yi tsanani, ka jefa gorar roba mai ƙanƙara, a rufe gam, amma kada ka sauke fiye da digiri ɗaya ko biyu a sa'a. Hitar ɗumama ruwa kuma kada ka sayar da ita, dararen Disamba da Janairu za su tambaye ka ita.

Wani abin da babu kayan awonsa: injin iska duk abin da ke ɗaki shi yake tura wa ruwa. Maganin sauro na fesawa da na ƙonawa guba ne ƙwarai ga kifi. Hayaƙin janareta da turaren wuta ma a nisanta su. Haka hannun da aka shafa wa mai ko aka wanke da sabulu ba a ɗauraye sosai ba. Na taɓa zuwa wani gida inda awo duka ya nuna lafiya, sai da na ga gwangwanin fesawa a bayan labule.

In da za ka ji tawa, kada ka yi odar kifi a bazara. Daga Legas zuwa nan a mota yini ne cur, wani lokaci har da kwana. A cikin ledar, numfashin kifi yana sauke pH, wannan ke sa amoniyar da ta taru ta zauna a fuskarta mai sauƙi. Kana buɗe leda pH ya fara hawa, ta juye guba. Saboda haka kifin da ya yi doguwar tafiya ba a barinsa sa'a guda cikin ruwan leda ana ɗiga masa sabo. Ka tambayi mai sayarwa awon gishirinsa tun kafin kaya su taso, ka daidaita tankinka da shi. Idan sun iso, ka ɗora ledar a rufe kan ruwan na kwata ko minti ashirin zafi ya daidaita, ka buɗe, ka tabbatar da gishirin, ka tsamo kifin ka saka, ruwan ledar a zubar.

TAMBAYA: Kifina ya fito da ɗige-ɗige farare yana goga jikinsa da bututu. Na fara sa masa Cupramine, maganin nan na jan ƙarfe. Yanzu awon amoniya ya nuna akwai, ina da kwalbar Prime a gida, in zuba? (Wani ɗalibi daga Aliero)

AMSA: Kada ka zuba, ƙanena. Ajiye kwalbar nan nesa. Irin waɗannan magunguna masu ɗaure amoniya da kilorin suna juya jan ƙarfen da ke cikin Cupramine zuwa wani nau'i mai guba fiye da na farko, kuma kamfanin da ke yin su biyun da kansa ya yi gargaɗi a kan haka. Ƙari a kan wannan, Cupramine yana iya sa awon kwalba ya nuna amoniyar da babu ita. A nan ne faifan nan da na ambata wa Alhaji yake da rana, don mai gubar kaɗai yake gani. Idan shi ma ya sauya launi, maganinka canjin ruwa ne kawai.

Cutar da ka bayyana ta yi kama da wadda masana ke kira Cryptocaryon. Ƙwayar tana kwana uku zuwa bakwai a jikin kifi tana ci, sai ta faɗo ƙasa ta rufe kanta cikin ƙwanso tana hayayyafa, daga 'yan kwanaki har makonni, sannan 'ya'yan su fashe su fito neman kifi. Jan ƙarfe ba ya taɓa ta tana cikin fatar kifi, ba ya taɓa ta tana cikin ƙwanso, sai a wannan ɗan lokacin da 'ya'yan ke iyo. Ma'ana dole maganin ya tsaya a ƙarfinsa dare da rana. Ya yi ƙasa, su tsira. Ya yi sama, kifin ya tafi. Tazarar da ke tsakani kuwa 'yar kaɗan ce. Shi ya sa wanda ba shi da kayan awon jan ƙarfe bai kamata ya buɗe kwalbar ba.

Cupramine ana tsayar da shi a 0.5, ana kaiwa can a hankali, rabi yau, rabi bayan kwana biyu. Copper Power kuma wani haɗi ne dabam, nasa awon wajen 2.5 ne. Kada ka ɗauki lambar wannan ka yi aiki da ita a kan wancan, kuma ka tabbatar kayan awonka suna karanta irin wanda ka zuba. Ka auna kullum. Dutsen teku da yashinsa da ɓawon dodon koɗi suna tsotse maganin, gawayin tace ruwa kuma cire shi yake yi, duk a fitar da su. Ranar canjin ruwa, a bokiti za ka sa wa sabon ruwan nasa maganin kafin ka juye. Ruwan ciko na safe kuwa ba a sa masa, don jan ƙarfe ba ya bin iska. Masu maganin sun ce kwana 14, da yawa daga masu kiwo suna kai shi 30. Idan kifin ya daina ci gaba ɗaya, abu na farko a duba shi ne ko awon ya wuce. Jatan lande, ƙaguwa da murjani ba sa shiga tankin da aka sa wa jan ƙarfe, kashe su yake yi.

TAMBAYA: Malam, mu masu tarwada fa? Wannan killacewa da aune-aune ya shafe mu, ko na masu falo ne? Kuma na ji ana sa wa 'ya'yan kifi gishiri. (Wani manomin kifi daga Yauri)

AMSA: Ya shafe mu, abokin sana'a, har ma mun fi su asara idan ta zo, don su ado suka rasa, mu jari. Sababbin 'ya'yan kifi su yi mako biyu a tanki dabam, da komarsu da bokitinsu, kafin su ga tsofaffi. Wurin da muka bambanta shi ne naitirait. A ruwan teku bai cika yin illa ba, saboda gishirin yana tare masa hanyar shiga jini. A ruwan daɗi kuwa yana shiga kai tsaye ya hana jini ɗaukar iska, idan ka yanka kifin sai ka ga jinin ya koma ruwan ƙasa. Ɗan gishiri, kamar giram 2 zuwa 3 a lita, yana rage wannan kuma yana taimaka musu bayan wahalar hanya. A nan na miya ma ya wadatar. Amma a auna da sikeli, ba da tafin hannu ba, kuma gishiri ba ya cire amoniya. Ku da ke gaɓar Kwara ruwa ba ya muku wuya, ku canja.

TAMBAYA: Zan iya sa ɗan giwan ruwa a tankin ruwan gishirin babana? (Wani yaro daga Argungu)

AMSA: Ɗana, giwan ruwa na ruwan daɗi ne, ka bar shi a Matan Fada ya girma, wataƙila kai za ka kama shi ranar bikin kamun kifi. Yana da ɗan'uwa a Asiya da Ostireliya mai suna baramundi wanda ke shiga ruwan daɗi da na gishiri duka, amma namu ba ya yi. Ko da zai rayu ma, kifayen Baba ne za su zama abincin darensa.

TAMBAYA: Kifina ya yi kwana goma a killace, yana ci, ba ɗigo a jikinsa. Yara sun matsa a mayar da shi babban tanki. (Wata Hajiya daga Badariya, Birnin Kebbi)

AMSA: Hajiya, a lallashi yaran. Kwana goma bai isa ba, don ƙwayar nan tana iya ɓacewa daga jikin kifi alhali tana kwance a ƙasan tanki tana shirin dawowa, wani lokaci kuma a kunnuwansa take inda ido ba ya kaiwa. Mako huɗu ne mafi ƙaranci, kuma ana ƙirgawa ne daga ranar ƙarshe da aka ga wata alama. Idan an yi magani, a cire shi da gawayi da canjin ruwa, a ƙara mako biyu ana kallo. Idan cutar ta shiga babban tanki, ba a zuba masa jan ƙarfe, sai dai a kwashe kifayen duka a bar shi babu kifi kusan mako goma sha ɗaya, don an taɓa ganin ƙwanson da ya kai kwana 72 bai fashe ba. Ki gaya wa yaran wannan, su zaɓa.

Kafin lokacin, ki ba babban cikinsu aiki: littafin makaranta mai layi, kowace rana ya rubuta kwanan wata, zafi, gishiri, amoniya, pH sau biyu a mako, da ko kifin ya ci. Awo guda ba ya faɗin komai sosai, jerin na mako ne ke nuna inda ruwa ya dosa, kuma idan kika bugo mini waya shi zan fara tambaya. Naitiret a auna shi mako-mako, idan ya doshi 40 a canja ruwa.

Ranar ƙaura, gishiri da zafin tankunan biyu su zama ɗaya. Idan na ƙaramin ya fi ƙasa, a ɗaga shi a hankali cikin kwanaki, don hawan gishiri ya fi saukarsa wahalar da kifi. A tsamo shi da ƙaramin kofi, kada ruwan killacewa ya bi shi, a sake shi da yamma bayan an ciyar da tsofaffin an kashe fitila, don kada su taru a kansa. Tankin da bututun da tiyon a wanke su da ruwan daɗi, babu sabulu, a kife su a rana su bushe ƙayau na 'yan kwanaki. Tsohon soson a jefar, a sa sabo a matacin babban tankin tun ranar.